Rubutun Fensir a Cikin Akwatin Baba Basi

Samarin yanzu idan suka leƙo shagona suka ga ina shafa gam a bakin sifika, sai su ce ai wannan kowa ma zai iya. Sun kalli bidiyo biyu a waya, sun gama sanin sana'a. Ba na jin haushinsu, domin ni kaina sai da na haura shekara talatin a cikinta sannan na gane da saura, kuma ba ta hanya mai daɗi na gane ba. Zan faɗa muku yadda aka yi. Amma ba za ku ga girman abin ba sai kun san wanda ya koya mini.

Sunansa Malam Tanko Mai Rediyo, Allah ya jiƙansa. Shagonsa na bayan kasuwa a nan Suleja, ɗaki ne wanda idan mutum uku suka shiga sai ɗaya ya fita. Lokacin ana ta aikin gina Abuja, ma'aikata daga ko'ina suna kama haya a garin nan, kowa da rediyonsa da garmahonsa da akwatunan sifikarsa na katako. Duk wanda nasa ya lalace, wurin Malam Tanko ake nuna masa. Kayan aikinsa ba su cika jakar ɗan makaranta ba: ƙarfen narka dalma wanda yake ɗorawa a kan risho idan an ɗauke wuta, da mita mai allura, da reza, da batirin tocila, da tsohon fim ɗin hoton ƙashi da yake roƙa a asibiti yana yankawa siri-siri. Sai fensir, kullum a bayan kunnensa na dama.

Aikin farko da ya bar mini ni kaɗai, lasifikar wani masallaci ce daga Izom, irin mai dogon bakin nan. Ladan ya ce murya ta shaƙe. Na kara mata batiri na ji ƙarar ba ta fita, nan take na yanke hukunci na ce koyil ya ƙone, wato zoben siririyar wayar nan da ke cikin maganaɗisu, wanda shi ne ke motsa komai. Malam Tanko ya miƙo hannu. Ya karɓa, ya kwance noti uku, ya zura tsinke, sai ga gidan zanzaro ya faɗo, dunƙulen ƙasa guda. Ladan ya yi dariya har da riƙe ciki. Da ya tafi, Malam Tanko ya ce, “Haruna, ka buɗe ka gani tukuna. Wuta ita ce ƙarshen abin da ake ba sifika, ba farko ba.”

Dokarsa ke nan, kuma tana da kai biyu. Duk akwatin da ya shigo, sai ka kwance katakon bayansa ka karanta abin da ke ciki kafin ka taɓa komai. Duk akwatin da zai fita, sai ka rubuta da fensir a jikin katakon, daga ciki, abin da ka yi masa, da ƙarfin wutar da zai iya ɗauka, da sunanka. Yakan ce wanda zai buɗe bayanka ba zai same ka ya tambaye ka ba. Shi da ajami yake rubutu, ga kwastomominsa rabi 'yan Kudu ne, don haka da na zo da ɗan bokona na firamare sai fensir ya dawo hannuna. Shi ya faɗa, ni in rubuta. Na yi wa akwatuna rubutu ba adadi, da wani irin rubutu kamar kaji sun yi tono.

Bayan ya rasu na buɗe nawa shagon a bakin titi, sana'ar kuma ta canja kamanni. Masu akwatunan katako suka yi ƙaranci, masu kiɗan biki suka yi yawa. Su ba ruwansu da daɗin sauti, ƙara suke so, wadda za ta girgiza kwanon rufin maƙwabta. Ina so ku gane bambancin, don a nan yawancinku kuke faɗuwa. Sifikar biki an yi ta ne don duka: takardarta, wato faifan nan na gaba da ke kaɗawa ya fitar da sauti, kauri, koyil ɗinta kauri, ka ɗura mata wuta ta shanye. Tsohuwar sifikar ɗaki kuwa takardarta kamar ganye, wayarta kamar gashi. Wutar da ba ta isa ta farkar da ta biki ba, ita ta ishe ta ta cika falo da sauti har ka ji numfashin mai busa ƙaho. Lallaɓa ta ake yi.

A lokacin ne wata al'ada ta shigo mana, mu masu gyara na bakin titi. Idan ka gama aiki ba ka gwada shi a ciki. Sai ka jawo sifikar waje, ka juya fuskarta ga hanya, ka tada janareta, ka haɗa ta da babbar amfi, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, ka buɗe mata wuta. Tallarmu ke nan. Wanda nasa ya fi ƙara shi masu wucewa za su ce ya fi iyawa. Na shiga wannan al'ada da ƙafa biyu. Fensir dai yana nan a kunnena, amma ya zama ado, don wa zai tsaya rubutu a cikin akwatin da zai dawo bayan biki uku?

Sai shekarar annoba ta zo, aka hana taro. Ba biki, ba suna, ba gangami. Na yi watanni ina buɗe shago in share in zauna, ƙarfen dalmata har tsatsa ya fara. Abokan sana'a biyu suka koma acaba, ɗaya ya koma gyaran tocila mai caji. Da aka sake buɗe gari kuma, muka fito kamar mayunwata, kowa na neman a ji shi. Layinmu ya koma gidan ƙara. Ban faɗi wannan don in wanke kaina ba, na faɗa ne don ku san halin da nake ciki ranar da Baba Basi ya zo.

Baba Basi mutumin Kalaba ne, tsohon ma'aikacin safiyo. Ya zo garin nan da ƙuruciyarsa yana awon filaye a Abuja, ya yi ritaya, ya ci gaba da zama a gidan haya layi uku a bayan shagona. Hausarsa ta nuna, sai dai harshen bai gama karyewa ba, kuma yakan tsoma turancin kasuwa a ciki. Ya zo da keke-napep, akwatuna biyu a naɗe cikin bargo kamar masu jin sanyi. Da ya yaye bargon na ga katako mai duhu, mai sheƙi, fuskar an rufe da yadi ruwan ƙasa. Ko ƙwarzane ɗaya babu.

Ya ce, “Injiniya, waɗannan da albashina na farko na saye su. Sun girmi duk yarana. Yanzu idan ganga ta buga sai su yi kamar tari.”

Na cire yadin fuskar. Abu mai sauƙi ne: soson da ke zagaye da bakin takardar ya tsufa ya ruɓe, yana zuba kamar gari. Na ce kwana uku.

Ya ce, “Your oga, Malam Tanko, ya taɓa gyara su da daɗewa. Shi ya sa ban kai wa kowa ba. Na ce sai yaronsa.”

Kun ji dai abin da ya faɗa. Da bakinsa ya gaya mini cewa akwai rubutu a ciki. Ni kuwa abin da kunnena ya ɗauka kawai shi ne yabo. Na ce, “Baba, kar ka damu, ka kawo gida.”

Canjin soso idan za a yi shi yadda ya kamata, sai an kwance baya, an cire waya, an fitar da sifikar an ɗora a tebur. Amma akwai hanyar ragwaye: ka kwantar da akwatin rigingine ka yi aikin ta gaba ba tare da ka kwance noti ko ɗaya ba. Ita na bi. Na kankare tsohon soso da reza, na goge da tina, ruwan nan mai narkar da gam, na shafa gam, na zaunar da sabo, ina danna takardar da yatsu huɗu ina saurare ko koyil na gogar ƙarfe. Bai goga ba. Aikin ya yi kyau, wannan kam ba zan ƙi faɗa ba. Na bar su suka kwana biyu gam ya kama.

Rana ta uku da la'asar, wani mai kiɗan biki daga Tafa, Jamilu, ya zo karɓar nasa kayan. Ya ga akwatunan a lungu ya tuntsire da dariya.

Ya ce, “Oga Haruna, yanzu har ka koma gyaran kayan kakanni? Abeg, wannan ko a ɗaurin auren kaji ba za a ji shi ba.”

Na ce, “Kai yaro ne. Irin wannan ba a ƙara yin su.”

“To a ji mana! In dai suna da murya, a ji.”

Akwai mutum huɗu ko biyar a bakin shagon, janareta na aiki, babbar amfi na haɗe tun gwajin kayan Jamilu. Ƙaramar amfina ta gwaji tana can ƙarƙashin tarkace. Da na tsaya na tono ta, da yau ba ni da labarin da zan ba ku. Na ɗauki akwatin hagu na fitar da shi bakin titi, na juya fuskarsa ga hanya, na haɗa. Na murɗa kaɗan. Wallahi sautin da ya fito sai da mai sayar da lemo na tsallake ya ɗago kai. Tas, kamar mai kiɗan yana tsaye a wurin. Jamilu ya ce, “Daɗi kam akwai, amma ina ƙarfin?” Sai na ƙara. Wata tirela ta taho ta danne sautin, na sake ƙarawa.

Ba ta yi minti ɗaya ba. Ta yi wani kurrr kamar an yaga atamfa, sai ƙasan sautin ya ɗauke, ya rage 'yar tsiwar sama kawai. Sannan warin ya iso. Duk mai wannan sana'a ya san warin ƙonannen koyil, ba ya kama da komai. Jamilu ya tafa hannu ya ce, “I talk am!” Na yi dariyar yaƙe na ce waya ce ta cire, na kinkimi akwatin na shige.

Da suka watse na ja ƙofa, na kwance katakon bayan. Noti takwas ne, aikin minti biyu. Na juya katakon, sai ga shi a kusurwar sama, da fensir, da rubutun nan na tonon kaji:

“An canja kafasita. Wat ashirin kacal. Kar a ba ta babbar amfi. Tanko.”

Hannuna ne. Har na gane yadda nake karkatar da harafin k a lokacin. Ni na rubuta wa kaina gargaɗi ina ɗan shekara sha biyar, na zo ina da furfura na ƙi karantawa. Na zauna a kan benci da katakon a cinya, kunya ta rufe ni, ni kaɗai a ɗaki ba mai kallona.

Da a nan na tsaya, da kuskure ne, kowane mai sana'a yana yi. Abin da na yi bayan nan shi ne ba kuskure ba. Na buga waya Kaduna, na buga Legas, babu mai irin wannan sifikar, wasu ma ba su taɓa jin ta ba. Sai na shiga kasuwa na sayo sabuwa mai araha, irin ta cikin kwali, mai faɗi ɗaya da ita. Ramukan notinta ba su zo daidai ba, na huda sababbi a katakon da ya shekara arba'in ba ƙwarzane. Na mayar da yadin fuska, ya rufe komai. Da na zo mayar da baya, hannuna ya kai kunne da kansa ya zaro fensir. Na tsaya ina kallon filin da ke ƙarƙashin tsohon rubutun. Sai na mayar da fensir inda yake na ɗaure noti. Ƙonanniyar kuwa na cusa ta a buhun shinkafa na tura ƙarƙashin benci.

Baba Basi bai zo ba sai bayan kwana biyar. A ciki na gwada masa, da ƙaramar amfi, ƙasa-ƙasa, ina ta surutu a kan sautin. Ya ɗora tafin hannunsa a kan akwatin hagu.

Ya ce, “Ka duba ciki, Injiniya?”

Na ce, “Na duba, Baba. Komai lafiya.”

Ya dube ni. Ya ce, “To. God bless you.” Ya sallame ni, ya naɗe su a bargo ya tafi.

Wata bakwai na yi ina guje wa tsohon nan. Kullum da safe ta gaban shagona yake bi, kullum sai ya ɗaga hannu ya ce, “Injiniya, yaya aiki?” Ni kuwa in sunkuya kamar wani noti ya faɗi. Idan na hango hularsa daga nesa sai in tuna ina da aiki a bayan shago. Buhun nan na ƙarƙashin benci, duk lokacin da na miƙe ƙafa sai na taɓa shi. Ran nan ya tsaya ya ce mini ya gaji da haya, kafin Kirsimeti zai tattara ya koma gida Kalaba gaba ɗaya. Ya ce, “Ni da madam da akwatunan nan biyu, shi ke nan kayan.” Sauran sati shida. Idan suka shiga mota a haka, wani mai gyara a can zai buɗe wata rana ya ga sunan Tanko a sama, ya ga aikin ɓarawo a ƙasa, ya haɗa su wuri ɗaya.

Ranar na jawo buhun. Ku da kuke cewa gam ne da waya, ku saurara. Sai da na jiƙa gefen takardar da tina a auduga, kaɗan-kaɗan, yini guda, kafin ta saki ba ta yage ba. Na zaro koyil ɗin, ya yi baƙi ƙirin. Na warware shi zagaye ɗaya-ɗaya ina ƙirgawa ina jan layi a kwali, don idan ka ƙara ko ka rage, sautin ya tashi daga nata. Waya mai wannan sirantar babu ita a kasuwa. Sai wurin 'yan gwangwan a Lambata na same ta, a cikin wata tsohuwar rediyo da ake shirin fasawa. Naɗin farko ya tsinke a tsakiya. Na biyu ya hau kan juna, ya ƙi shiga ramin maganaɗisu. Na uku ya shiga amma yana goga. A na huɗu idona har ruwa yake, sai da na ari tabaran maƙwabcina tela. Na yanka fim ɗin asibiti gida huɗu na soka a ramin don koyil ya tsaya a tsakiya cif, na shafa gam, na bar ta kwana uku ban ko kalle ta ba. Da na zare fim ɗin na kara mata batirin tocila, takardar ta yi tsalle gaba ta ce tuk, tsaf, ba gogayya.

Ranar Lahadi da yamma, bayan sun dawo daga coci, na tafi gidansa da ita a cikin kwali. Falon duk an ɗaure kaya, akwatunan biyu ne kawai ba a naɗe ba. Na gaishe shi, ya ba ni kujera, na ƙi zama. Na shirya magana tun daga shago, amma da na buɗe baki abin da ya fito shi ne, “Baba, na cuce ka.” Na faɗa masa duka, da babbar amfi, da bakin titi, da ta kwalin, da ramukan da na huda. Ban ɗaga kai ba har na gama.

Ya ce, “Na sani.”

Na ɗago.

Ya ce, “Ranar da ka fitar da ita bakin titi na zo in karɓa. Ina tsallaken titi wurin mai lemo. Tun kafin in gan ta na gane muryarta, forty years ina jin ta. Na ce ah, Injiniya ya gyara. Sai na ji kana ƙarawa. Na ɗaga hannu, tirela ta shiga tsakaninmu. Da ta wuce, it don finish. Sai na juya gida.”

Na ce, “Baba, me ya sa ba ka yi magana ba? Ko ranar da ka zo ɗauka?”

“Na tambaye ka sau ɗaya, ka ce lafiya. Idan na sake tambaya za ka ce wallahi. Ban so ka ce wallahi a kan sifika ba.”

Da zagina ya yi, da na fi samun sauƙi. Na durƙusa na kwance bayan akwatin, na cire ta kwalin, na mayar da tasa a ramukanta na asali. Ya ɗauko wani tsohon faifai ya ɗora, ya kunna 'yar amfinsa, ya zauna a tsakiyar akwatunan ya rufe ido. Muka ji waƙa ɗaya har ƙarshe. Ya ce, “Ta dawo. Ba duka ba, ƙasan ya ɗan yi tauri. Amma ita ce.” Gaskiya ya faɗa, ni ma na ji.

Na ɗauki katakon bayan zan mayar, sai ya ce in tsaya. Ya ce tun daren da ya kawo su gida ya kwance bayan da kansa, ya duba ko na rubuta wani abu, ya ga wayam. Ya miƙa hannu ya zare fensir ɗin daga bayan kunnena ya riƙe mini shi a gaba.

Ya ce, “Oganka ba ya barin akwati ya fita haka.”

Na ce, “Me zan rubuta, Baba?”

“Abin da ka yi.”

Na ɗora katakon a cinya. A ƙarƙashin rubutun yaron nan ɗan shekara sha biyar, na rubuta: “An canja soso. Na ƙona koyil da babbar amfi a bakin titi don ban karanta na sama ba. Na sa wata na ɓoye wata bakwai. Na sake naɗa ta asali da hannu. Wat ashirin kacal.” Na tsaya a nan. Ya sa tabarau ya karanta a hankali, ya nuna ƙasan da yatsa ya ce saura suna. Na so in rubuta “yaron Tanko”, na ga Malam Tanko ba shi da hannu a wannan. Na rubuta Haruna kawai.

Yanzu akwatin yana Kalaba, garin da ban taɓa zuwa ba. Wata rana soson zai sake ruɓewa, wani mai gyara da ban sani ba zai kwance noti takwas ya juya katakon. Idan ba ya jin Hausa zai nemi wanda zai karanta masa. Shi ke nan abin da zai sani game da ni.

Don haka idan ɗayanku ya zo koyo na miƙa masa sukundireba da fensir, na hana shi taɓa amfi har wata shida, kar ya ce tsohon nan mugu ne. Ya kwance bayan, ya karanta.